Kifin Merle a Homar Althea

A'a, tsaya. Ajiye cokalin nan ka saurara, tunda ka iya ci da magana lokaci guda amma ji ne ya gagare ka. Wa ya ce maka tausayinta aka ji? Kai da ranar kana can saman rufin surukarka kana buga ƙusa, ko warin tabkin ba ka ji ba, yau kai ne mai ba da labari. E, Althea Pelkey ta dawo gida ba kifi. Wannan kaɗai ka faɗa daidai. Sauran kuwa, buɗe kunne.

Mijinta Harlan lokacin kaka ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Tun suna da baƙin gashi aikin jirgi a rabe yake tsakaninsu: shi ke da inji da homa, ita ke ɗinka 'yan kifi a ƙugiya, ita ke riƙe sandar ƙugiya in babban kifin nan salmon ya kama. Ba ta taɓa ɗaga homa ba, shi kuma bai taɓa zura allura ba. Jirgin da hannunsa ya ƙera shi, na katako, kore, mara nauyi, bakinsa kusa da ruwa. To da sanyi ya yi tsanani sai Althea ta zame a matakalar ƙofarta, wuyan hannunta na hagu ya karye. Ƙashi ya haɗu, amma ya haɗu da taurin kai irin na mai shi.

Sai ga ɗanta Lyman daga birnin Bangor da maganar sayar da jirgi. Kada ka ce mugun yaro ne, tsoro ne ya kawo shi. Ka san ruwan tabkin nan in ƙanƙarar da ke rufe shi da sanyi ta narke: in ka faɗa ciki, kafin ka gama kiran sunan uwarka yatsunka sun daina jin maganarka. Har mai saye ya samo, Merle Gagnon, tsohon nan mai kamun kifi da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu, wanda ya daɗe yana zagaya jirgin Harlan da ido.

"Mama, jan salmon aikin mutum biyu ne," in ji Lyman. "Ke kika koya mini."

"Na koya maka wanke kunne ma, ban ga ka riƙe wannan ba."

"Mama."

"To ji. Asabar ta farko bayan ƙanƙara ta tafi, ka zo. Ka zauna a gaba ka zuba ido. In ka ga na kasa, ɗora jirgin a amalanken motarka ka kai wa Merle, ba zan ce uffan ba. Amma ba ka taɓa sanda, ba ka taɓa inji, ba ka taɓa homa."

Ya yarda, don a ransa ya gama ganin jirgin a ƙofar gidan Merle.

Ƙanƙara ta tafi tsakiyar mako. Ba a yin shela, amma kafin Asabar duk jihar Maine ta ji. 'Yan kifi masu sheƙi, irin waɗanda Althea ke ɗinkawa, sun taru a bakin rafin Sawyer za su hau shi, salmon ya biyo su, mutane sun biyo salmon. Da sassafe wurin sauke jirage ya cika, mota bayan mota, kowa yana ja da baya da amalankensa yana zagin na bayansa. Lyman ya iso da tasa motar, amalanke a ɗaure a baya, babu komai a kai. Althea ta kalli amalanken, ta kalli ɗanta.

"Ka zo da shiri."

"Hanya ce mai nisa, Mama, ba na son zuwa sau biyu."

"Ka kyauta. Shiga, kada ka taka mini bokiti."

Kafin ta tada inji ta zauna ta yi ɗinkinta. Ta ciro ɗan kifi daga bokiti, ta kwantar da shi a tafin hannun nan mai ciwo, ta zura allura ta baki, ta fito ta gefe, ta koma, ta ja zare har jikinsa ya ɗan lanƙwasa. Lanƙwasar ita ce sana'ar. In ta yi yawa sai ya riƙa juyi kamar farfela, salmon ya kalle shi ya wuce. In ta yi kaɗan sai ya bi jirgi a miƙe kamar kara. Ana so ya riƙa mirginawa a hankali kamar wanda aka buge bai mutu ba. Ta sa shi a ruwa gefen jirgi, ta ja, ta ga mirginarsa, ta gyaɗa kai. Hannun ya yi mata tsami, ba ta gaya wa kowa ba.

Inji ya tashi a ja na biyu. Suka shiga da'ira.

Kai da kake zuwa tabki sau ɗaya a shekara, bari in tuna maka. A bakin rafin Sawyer ba a yawo yadda aka ga dama. Jirage suna bin juna ne, gaɓa a hannun dama, tafiyar tsohuwa mai zuwa coci, kowa da zarensa yana jan sa can nesa a baya. Ba a yanke bayan jirgin wani. In kifi ya kama maka sai ka yi ihu, na bayanka su naɗe zarensu su ba ka fili. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina, amma wanda ya karya shi zai sha kofinsa shi kaɗai har bazara ta ƙare. Ranar kuwa jirage sun yi yawa har kana jin tarin na gabanka, kana sanin abin da matar na bayanka ta sa masa a burodi.

Merle ne ya faɗo kusa da su, shi kaɗai a cikin jirginsa na ƙarfe mai dogon baki, hula ta rufe masa kunne.

"Althea! A hankali da jirgina, kada ki goge masa fenti."

"Jirginka? Fara kama kifi da gashin kazar nan naka tukuna. Salmon kake nema ko dila?"

"Gashin kazar nan ya ciyar da gidana tun kina makarantar Lahadi."

"Shi ya sa duk gidanku kuka rame."

Na kusa suka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Lyman, an ɗauko ka ne ka danne gaban jirgi?" Lyman ya ɗaga hannu ya yi murmushin dole. Ya buɗe fulas, ya dubi uwarsa.

"Kofi yana cikin abin da aka hana ni taɓawa?"

"Zuba. Kofi ba ya cikin shari'a."

Suka yi ta zagaye. Rana ta ɗan fito, ta ga sanyin, ta koma. Can gaba wani ya yi ihu, aka naɗe, aka ba shi fili, ya ciro nasa, aka sake sakin zare. Althea tana riƙe da hannun inji da dama, sanda a maƙale a gefe, idonta a kan bakin sandar da ke ɗan rawa tana gaya mata ɗan kifinta yana mirginawa lafiya.

Da hantsi sandarta ta lanƙwashe, kwarkwaron zare ya yi ƙara. Ta ce "Kifi!" ta saki inji ta cafki sanda. Nan fa jirgin, da ba mai riƙe da shi, ya karkata wajen gaɓa. Ta miƙa hannun hagu ta tare shi, hannun ya ƙi, ta juyar da sanda zuwa hagu, ta kama inji da dama. Cikin wannan musayar zare ya yi sako-sako. Salmon ya yi tsalle sau ɗaya, ya girgiza kai, ya tofa mata ɗan kifinta, ya tafi abinsa.

Lyman ya kau da kai. Da ya yi magana ma da ya fi sauƙi. Ya dai kalli gaɓa, wajen da motarsa take.

Althea ta naɗe zare, ta ɗinka wani ɗan kifin. Tana ɗinki tana tunani, ba kuka take ba. Hannu biyu ba su isa ba, to ai Allah bai tsaya a hannu ba da ya ƙera mutum. Ta gyara zama, ta matso baya, ta sa hannun inji a ƙarƙashin gwiwarta ta dama. Ta matsa kaɗan, jirgi ya bi. Ta sassauta, ya dawo. Zagaye guda ta yi haka, hannuwanta a cinya kamar mai jiran wa'azi.

"Me kike yi, Mama?"

"Ina hutar da hannuna. Sha kofinka."

Wajen tsakar rana iska ta taso daga arewa, ruwa ya fara fari-fari, wasu suka soma naɗewa suna nufar gaɓa. Ita ta san saura kaɗan a kori kowa. Sai ga wani baƙo, irin masu zuwa da jirgi mai kujerun falo, ya ga kamar kifi ya fi yawa a can gefe, ya yanko tsakiyar da'ira da injinsa mai gurnani. Aka yi ca a kansa. Merle ya kauce masa, ya karkato wajen Althea, zarensa ya ratso kusa da nata.

A daidai nan sanduna biyu suka lanƙwashe.

"Kifi!" in ji Merle.

"Kifi!" in ji Althea.

Na baya suka hau naɗi. Can tsakanin jiragen biyu salmon ya fito daga ruwa gaba ɗaya, fari fat kamar sabuwar wuƙa, dogo, mai kauri, irin wanda ake yi wa hoto a rataye a shagon mai. Zare biyu suna biye da shi, sun nannaɗe juna.

Lyman ya manta shi alƙali ne. "Naki ne, Mama! Naki ne, ja!"

Althea kuwa ta kasa kunne. Tana sauraren sandar da tafin hannunta. Wanda ya daɗe yana riƙe sanda ya san bambancin jan kifi da jan aro. In kifinka ne, kana jin girgizar kansa har haƙoranka. Wannan kuwa sai sandar Merle ta girgiza, sannan tata ta amsa, kamar mai maimaita maganar wani. Ƙugiyar Merle ce a bakin kifin. Nata zaren rataya kawai ya yi.

Ba wanda ya sani sai ita. Ka kuma san al'ada: in zare ya haɗe, ba a gardama a kan ruwa, sai kifi ya shiga homa a duba bakinsa, mai ƙugiya shi ne mai kifi. Amma bakin salmon laushi gare shi. In mutum biyu suka yi ta ja daga gefe biyu, yagewa zai yi, kifi ya tafi, ba laifin kowa. Da ta so, sai ta ci gaba da ja, a rasa shi tare, ta ce wa Lyman, ka gani, ba kasawata ba ce, baƙon nan ne.

Sai ta kalli Merle.

Gindin sanda yana tokare da cikinsa, hannun hagu yana riƙe, yana naɗi da yatsun dama, amma gwiwar hannun daman nan manne take da haƙarƙarinsa, ba ta ɗagawa. Homarsa tana kwance a bayansa. Ya waiwaya ya kalle ta kamar mai kallon hularsa da iska ta kai tsakiyar tabki, ya dawo da kai. Kafaɗar ce ta tafi. Tun yaushe, Allah masani. Tsohon ya ɓoye ta cikin babbar riga duk tsawon sanyi. Nan Althea ta gane abin da yake so da jirgin Harlan: bakinsa kusa da ruwa, mutum zai iya jawo kifi ciki ba sai ya ɗaga hannu sama ba.

Ta ɗauki almakashin ɗinkinta ta datse zarenta.

"Mama! Me kika yi?"

"Na rage wa kifi surutu." Ta ajiye sanda, ta ɗaga murya. "Merle! Ɗaga bakin sandarka, ka kawo shi gefena."

"Ina da homa, Althea."

"Na gan ta. Barci take, kada ka tashe ta. Kawo shi nan."

Ya buɗe baki zai yi gardama, kifi ya ja zare, ya rufe bakin.

Ta matsa inji da gwiwa, ta fita daga da'ira, ta zagayo ta saman iska, yadda iskar da kanta za ta riƙa tura jirgin wajen kifi. Sannan ta rage inji har ya koma gunaguni, ta jawo homar Harlan. Icen hannun homar ya yi santsi a wuraren da Harlan yake riƙewa. Ta kama da dama, ta tokare da damtsen hagu, tunda wuyan hannun ba abin dogaro ba ne. Ba ta taɓa yi ba, gaskiya ne. Amma shekara da shekaru tana zaune tana kallon mutum guda yana yi, tana kuma gaya masa inda ya yi kuskure. Homa ba ta bin kifi. A nutsar da ita a jira, a bar shi ya shigo da kai.

Merle ya jawo shi. Kifin ya zo a gicciye, ya gaji, yana nuna farin ciki. Da ya hango inuwar jirgi sai ya farfaɗo, ya nutse ƙarƙashinsu, sandar Merle ta lanƙwashe har bakinta ya sha ruwa. Jirgi ya yi tangaɗi, igiyar ruwa ta watso musu. Lyman ya miƙe rabi, hannunsa ya kusa kai wa homa.

"Zauna a kan hannunka."

"Mama, zai—"

"A kansu na ce."

Mutum mai 'ya'ya a makarantar sakandare, ya sa tafukansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna. Duk da'ira tana kallo, an kashe injuna, ba ka jin komai sai ruwa yana marin jirage.

Ta ɗan taɓa inji da gwiwa, gindin jirgi ya kauce, zare ya fito daga ƙarƙashi lafiya.

"Yanzu, Merle. A hankali. Kamar kana jan akuyar da ba taka ba."

"Ban taɓa satar akuya ba."

"To yau ka koya."

Kifin ya taso, kai a gaba. Homa tana can ƙasa tana jiransa. Da rabin jikinsa ya wuce bakinta, Althea ta ɗaga. Wani zafi ya tashi daga wuyan hannun ya bi ta har kunne, ta cije, ta kwanta da baya, ta jawo homar ta kan bakin jirgi. Salmon ya faɗo a kan ƙafafun Lyman yana bugun katako, ya kifar da fulas.

Aka ɗauki ihu, ana buga gefen jirage da tafi. Wani ya ce, "Na wa ne? Duba bakin!"

Ta durƙusa ta buɗe bakin, ko da yake ta riga ta sani. Ga gashin tsuntsu nan, toka-toka da ja, maƙale a kusurwar muƙamuƙi. Ɗan kifinta kuwa yana can sama a nannaɗe da zaren Merle, ko cizo babu. Ta ɗaga kan kifin yadda kowa zai gani.

"Kaza ce ta ci. Na Merle ne."

Ta matsa gefen jirginsa, ta zuba masa kifin a ciki da kanta, don kada ya miƙo hannu a gani. Merle ya kalli kifi, ya kalle ta, ya ja hularsa ƙasa. Kafin ta sake ɗaura ƙugiya iska ta gama lalata ranar, kowa ya nufi gaɓa.

A wurin sauke jirage Lyman ya tsaya kusa da amalankensa, wando a jiƙe da kofi da ruwan kifi. 

"Na gani, Mama. Kin iya. Ban zaci haka ba, na kuwa gani." Ya shafa fuska. "Amma ba kifi ne ke hana ni barci ba. Yau ina ciki. Ranar da ba na ciki, jirgi ya yi tangaɗin nan, kika faɗa, wa zai ji?"

Ba ta yi masa ba'a ba a kan wannan. Tambaya ce ta gaskiya, ta kuma san ta gaskiya ce. Tana tsaye tana murza wuyan hannunta sai ga Merle, kifi a rataye a hannun hagu.

"Rabi naki ne, Althea. Mai homa yana da rabo."

"Kai wa 'yarka, ta ga ubanta ya kama wani abu kafin ya mutu."

Ya juya wajen Lyman, yana kallon takalminsa. "Maganar jirgin nan, ɗana, a bar ta. Na duba shi da kyau yau. Koren bai yi mini ba."

Ya faɗa, amma bai tafi ba. Yana tsaye yana kallon kujerar gaba kamar yaro a ƙofar shagon alewa. Althea ta bar shi ya ɗan sha iska tukuna.

"Merle, Asabar mai zuwa da sassafe. Gaba za ka zauna. Ka zo da donat, soyayyen burodin nan mai sukari, na kirki, ba na gidan mai ba. Kazarka kuma ta hagu za ka ja ta, kada ta kusanci zarena."

"Ni ban ce ina so ba."

"Ba a tambaye ka ba." Ta dubi ɗanta. "Ka ce jan salmon aikin mutum biyu ne. Ga na biyu."

Lyman ya ja ta gefe, ya rage murya, don shi ma ba makaho ba ne. "Mama, kafaɗarsa ta dama ba ta aiki. Na lura. Ke hannu ɗaya, shi hannu ɗaya."

"Nawa na dama, nasa na hagu. Cikakken mutum ke nan, ga kuma baki biyu na kiran taimako. Ubanka ma baki ɗaya gare shi, bai kuma cika amfani da shi ba."

Lyman ya so ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya taya ta ɗaure jirgi a turkensa na kullum, ya sa ta yi alkawarin sa rigar ceto, ya koma Bangor da amalanke yana ta tsalle a bayansa, fayau, yadda ya zo.

To ka ji. Ta dawo ba kifi, ta dawo da jirginta. In har yanzu kana cewa tausayi ne, je bakin rafin Sawyer ranar Asabar ka ga wa ke riƙe da inji, wa kuma ke zuba kofi. Sannan kai mai hannu biyu lafiyayyu, da kafaɗa kamar ta sa, gaya mini: salmon nawa ka sa a homa bana?

Yawwa. Ci wakenka.